Kuloc ɗin Tarakta Ya Ƙi Saki

Tambaya: Malam, taraktata ta yi wata 4 a ajiye. Yanzu ko na taka kuloc har ƙasa, giya sai gurnani, ba ta shiga. Mene ne abin yi? Daga wani manomi, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Alhaji, galibi laimar damina ce ta sa tsatsa ta manne farantin kuloc da filawil, wato babban faifan ƙarfe da ke juyawa a bayan inji. Amma fara duba sandar fedar kuloc, wataƙila ta kwance ne kawai.

In lafiyarta lau, kai taraktar fili inda babu mutane. Bar injin ya yi zafi minti 15, ka kashe, ka haɗa fedojin birki biyu na hagu da dama, ka sa babbar giya. Taka kuloc ƙasa sannan ka tayar. Za ta zabura gaba, ka riƙe sitiyari da kyau. Ƙafarka na kan kuloc, ka riƙa dannan birki da ƙarfi har ka ji "ƙas", ya saki ke nan.

Kada ka fesa mai a ciki, farantin zai riƙa sulɓi. In ka ga baƙin mai yana ɗiga ƙarƙashin gidan kuloc, robar da ke tare mai a bayan inji ce ta mutu, sai makanikan Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, sun raba taraktar biyu.

In za ka sake ajiyewa, tokare fedar kuloc ƙasa da katako.