Kashi shida kun ɗauka, to shirin na wane ne?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, na zuba ribata a shirin tsoro da almarar kimiyya da muke nunawa a tashar talabijin ta al'umma. Ƙanena ke ɗauka da tacewa, komai yana kwamfutarsa. Mun yi kashi 6. In ci bashi in sayi babbar kyamara? Na ji fim ɗin tsoro mai arha yana kawo miliyoyi.

Amsa: Malam, ajiye maganar kyamara. Duhu da sauti ne ke tsorata mai kallo, in akwai rara ka sayi makirfo mai kyau. Bashi kuwa, a'a.

Abin da ya dame ni shi ne ba ka ambaci takarda ko ɗaya ba. Kuɗi naka, hotuna a hannun ƙanenka, 'yan wasa sun fito don zumunci. Tashar al'umma galibi lokacin nuna shiri take bayarwa, ba ta sayen shiri, saboda haka duk abin da jarinka ya haifa shi ne haƙƙin mallakar shirin, kai kuwa ka bar shi a fatar baki.

Na ga abokai da suka yi shekara suna ɗauka lafiya lau. Ranar da mai saye ya leƙo, mai tacewa ya ce shi ya yi wahala, ya riƙe hotunan. Mai saye ya kama gabansa, gaisuwa ma ta yanke.

Ko manya sun ƙone a nan. A 1968 darakta George Romero ya fitar da fim ɗin tsoro Night of the Living Dead a Amurka, wanda aka kashe dala 114,000 wajen yin sa. Masu rarrabawa suka sauya sunan fim ɗin, suka manta da sanarwar haƙƙin mallaka, kowa ya samu damar kwafa yana sayarwa. Fim ya tara miliyoyi, waɗanda suka yi shi suka tashi da ɗan kaɗan.

Miliyoyin da kake ji kuma, na san The Blair Witch Project, fim ɗin tsoro mai arha na 1999, ake ba ka labari. Dubban irinsa da suka nutse fa, wa ya ba ka labarinsu?

Cikin makon nan ku zauna da ƙanenka gaban shaidu biyu. A rubuta abin da ka kashe, a yi wa aikinsa farashi, a raba kaso. Ka karɓi kwafin hotunan duka. Kowane ɗan wasa da mai kiɗa ya sa hannu. Tashar ma ta rubuta cewa nunawa kawai za ta yi, kana da ikon kai shirin wani wuri. In ƙanenka ya ce takarda rashin yarda ce, kada a ɗauki kashi na 7.