Amsa: Ɗana yana firgita tun bayan gobarar gidanmu

'Yar'uwa, kin ce tun bayan gobarar ɗanki mai wata 9 yake zabura cikin barci yana tsala ihu, ana kuma ce miki jariri bai san komai ba. Ya sani. Bakin faɗa ne ba shi da shi, amma jikinsa ya riƙe ihun mutane da gudun da kika yi da shi. Shi ya sa ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ya ƙanƙame ki.

Ki yawaita goya shi, wanka da barci su zauna a lokacin da ya saba, a daina miƙa shi hannu-hannu. Na gani a kan 'yar ƙanwata bayan haɗarin mota: yarinyar ba ta lafa ba sai da uwar ta daina kwana a zaune, don jariri daga muryar uwa da yadda ta riƙe shi yake gane ko lafiya. In ke ma firgicin bai sake ki ba, ki nemi mai taya ki reno. Idan an wuce wata guda ba sauƙi, ko ya daina gwaranci ko kama nono, ki kai shi wurin likitan yara.