Kosharin Masar da Ɗumamen da Ya Kwantar da Yara

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Maigidana a Azhar ya yi karatu, tun da ya dawo bakinsa bai rabu da zancen koshari ba, wato abincin Misirawa na haɗin shinkafa da taliya da adas (wani ƙaramin wake mai faɗi, lentil da Turanci). Ranar Juma'a na daure na dafa masa da daddare. Na farko dai abin ya caɓe, adas ɗin ya narke gaba ɗaya. Ragowar na juye a kula na rufe, da safe na ɗumama sosai har yana tururi na ba yarana uku. Kafin hantsi ya dubi ludayi duk sun kama amai, ƙaramar har ta galabaita. Surukata ta ce adas ɗin ne, wai baƙon abinci ne cikinsu bai saba ba. Maƙwabciyata ta ce khal ɗin da na zuba ne, wato ruwan tsamin nan, vinegar. Yanzu ga walimar saukar ƙanin maigida, mutum kusan 40, kuma koshari ake so, ni kuwa niyyata in dafa tun dare don in huta da safe. Wallahi tsoro nake ji. Ina kuskuren yake?
Uwargida, daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ƙara wa yara lafiya. Ki wanke adas daga zargi. Abincin da Misirawa ke ci dare da rana, yaro da tsoho, wanda Kiristocin Kibɗawa ke dogara da shi a kwanakin azuminsu saboda ba nama a ciki, ba shi ya tayar da cikin 'ya'yanki ba. Khal ma ba ruwansa. Shinkafa da taliya sun kwana a kula, an ɗumama, duk wanda ya ci ya kama amai cikin 'yan awoyi: wannan labari na ji shi har na gaji, kuma a kansa zan daɗe. Bari dai mu fara sallamar caɓewar, ita ce mai sauƙi.

Ina kyautata zaton jan adas kika saya, wanda aka ɓare aka raba biyu. Wannan na miya ne, minti goma sha biyar ya zama kunu. Mutanen Iskandariyya suna da nasu kosharin da shi, mai laushi, amma wanda maigidanki ya ci a Alƙahira da adas mai ɓawo ake yi, mai ruwan ƙasa, wanda suke kira ads bi gibba. Shi za ki nema wajen masu sayar da kayan abincin Larabawa. Kada ki sa masa kanwa, ba wake ba ne. Ki tafasa shi kamar minti 15, ki sauke yana da sauran tauri idan kin latsa, ki tsane, ki adana ruwan.

Ga mutum shida: shinkafa gwangwani biyu, adas gwangwani ɗaya da rabi, siririyar taliya da aka kakkarya gwangwani ɗaya, makaroni rabin leda, manyan albasa huɗu. Da albasar ake farawa, don man da aka soya ta a ciki shi ne ɗanɗanon abincin gaba ɗaya. Ki yanka ta siriri, ki barbaɗa ɗan gishiri da fulawa, ki soya kaɗan-kaɗan, ki kwashe tun tana ruwan zuma, domin tana ci gaba da duhu bayan ta bar kasko. Wadda ta yi baƙi ɗaci za ta yi, ba gyara. A cikin ludayi biyu na wannan man za ki soya siririyar taliyar ta yi ja, ki zuba shinkafar da kika wanke kika tsane, ki juya, ki zuba adas, sannan ruwan adas ɗin ya sha kansu da faɗin yatsa ɗaya kawai. Ki rage wuta, ki rufe, ki ɗauke hannu minti 20. Yawan buɗewa da juyawa ne ke hana ta yin wara-wara. Makaroni daban ake dafa shi. Hummus ɗin da ake barbaɗawa a sama kuwa, wato waken nan mai dunƙule (chickpeas), a jiƙa shi ya kwana a dafa, ko a sayi na gwangwani.

Miyar tumatirinsu ba irin tamu ba ce, ba tattasai, ba kori: tafarnuwa, kuzbara (coriander), tumatir, cokali biyu na khal, a bar ta ta yi kauri. Sai dakka, wato dakakkiyar tafarnuwa da kammun (cumin) da gishiri a cikin khal da lemun tsami da ɗan ruwa. Sai shatta, barkono da aka soya a mai aka sirka da miyar. Kowa da hannunsa yake zuba waɗannan biyun. In kin lura, 'yar'uwar garau-garau ce da mai da yaji, sai dai ita ta sha ado. A shagon Abu Tarek da ke tsakiyar Alƙahira, wanda asalinsa ya koma 1950, a jere ake ɗora su a kwano: shinkafa da adas, makaroni, miya, hummus, albasa a can sama don kada ta yi laushi.

To, yanzu ga abin da ya kwantar da yara.

Akwai maganar da ta zauna daram a kan matanmu, masu boko da marasa boko: wai wuta tana kashe komai, in dai an ɗumama abinci ya yi zafi to ya tsarkaka. A kan shinkafa da taliya wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kai mutum asibiti. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, a ƙasa take rayuwa, tana nan a jikin ɗanyar shinkafa tun daga gona. Idan ta ji wuya sai ta shige wani ɓawo mai tauri ta yi likimo, tafasar tukunyarki ba ta fasa shi. Kin sauke abinci, ya fara hucewa, da zafinsa ya sauko ƙasa da digiri 60 sai ta farka ta hau hayayyafa, tana zubar da guba a cikin abincin. Ɗumamen safe yana kashe ƙwayar, gaskiya ne. Gubar da ta riga ta zubar ita ce ba ta jin wuta. An gwada ta a digiri 121 har minti 90 ba ta lalace ba, kuma wannan shi ne zafin da asibiti ke tsabtace kayan tiyata da shi. Ruwan tukunyarki a digiri 100 yake tsayawa. Ko kin kwana kina ɗumamawa, gubar kika ɗumama.

Kada kuma a ce min ai na shinshina ban ji komai ba. Ba ta da wari, ba ta sa yauƙi, ba ta canza ɗanɗano. Lemun tsami da khal da yaji ba sa karya ta, ruwan tsamin cikin mutum ma bai karya ta ba. Alamarta ɗaya ce: tashin zuciya da amai tsakanin rabin awa zuwa awa shida bayan ci, kamar yadda kika gani. Wani nau'in nata gudawa da murɗawar ciki yake sawa, shi yakan jinkirta zuwa awa 6 har 15. Tun 1971 aka gane ta a Birtaniya, a soyayyiyar shinkafar gidajen abinci da ake dafawa a bari ta kwana a waje.

Kula kuwa ita ce ta fi ba ni haushi, don mutane sun ɗauke ta firij. Aikin kula ta riƙe zafi na 'yan awoyi daga kicin zuwa gaban maigida. Bayan nan abincin ba zafi ba sanyi, ɗumi-ɗumi, a rufe, da laima, daidai yanayin da ƙwayar ke so. In kin zuba ƙarfe tara na dare kin buɗe ƙarfe bakwai na safe, awa goma kenan kika ba ta. Da a faranti kika baza shi ya huce kika sa a firij, da wannan wasiƙar ba ta zo min ba.

Na san abin da za a ce: mun tashi muna cin ɗumame, ga mu da ranmu. Haka ne, ba kowace tukunya ke kamawa ba, kuma babba mai lafiya yakan yi amansa ya warware cikin yini guda, ya ce shawara ce ko sanyi ya kama shi. Shi ya sa ba a taɓa zargin tukunyar. Amma gubar nan hanta take taɓawa idan ta yi yawa. A Beljiyam a 2003 yara biyar 'yan gida ɗaya suka ci taliyar da ta daɗe a firij marar sanyin kirki, yarinya 'yar shekara bakwai ta rasu. A 2008, a ƙasar dai, ɗalibi ɗan shekara 20 ya ɗumama taliyar da ta yi kwana biyar a kicin ya ci, da safe gawarsa aka tarar. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma kin ga yadda ƙaramarki ta galabaita, ba sai na ƙara miki bayani ba.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Dafaffiyar shinkafa ko taliya kada ta wuce awa biyu a waje, a zafin bazara irin na Afrilu awa ɗaya. A baza ta a tire ta huce da wuri, kada a cusa tukunya guda a firij, tsakiyarta za ta kwana da ɗumi. Firij ɗin ya kasance digiri 5 ko ƙasa. A cinye washegari, a ɗumama sau ɗaya tak. Firij da aka ɗauke wa wuta tun magariba ba a dawo da ita ba sai asuba, kabad ne, kada ki yaudari kanki. Gidan da ba tsayayyiyar wuta, a dafa daidai ciki.

Idan abin ya riga ya faru, don Allah a daina rugawa kemis ana karɓo Flagyl da jan kafso ana ɗura wa yara. Guba ce, maganin kashe ƙwayar cuta ba ya taɓa ta, sai dai ya ƙara wahalar da cikin. Mai kemis ɗin da ya haɗa miki kala huɗu bai tambayi abin da yaro ya ci ba, ciniki yake yi. Haka mai jiƙo da ke cewa a sha a amayar da dattin ciki: yaron da ke amai ba ya bukatar mai ƙara masa. Abin da yake bukata ruwa ne. Ruwan gishiri da sukari na leda, ko ki haɗa da kanki, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi cokali-cokali ko da yana mayarwa. In ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya yi laushi yana ta barci, ko idon ya yi rawaya, ko amai ya wuce yini guda, asibiti kai tsaye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa.

Sai wata ɗabi'a da ba zan iya yin shiru a kanta ba. Uwargida ta buɗe kula ta yi shakka, ta hana 'ya'yanta, sannan ta juye wa almajirin da ya yi sallama a ƙofa, tana ganin ta yi sadaka ta kuma tsira daga almubazzaranci. Yaron nan ba shi da uwa a kusa da za ta ga ya galabaita, ba mai haɗa masa ruwan gishiri da sukari, a zaure zai kwanta shi kaɗai. Abin da kika ji tsoron ba ɗanki, ɗan wani ma ciki gare shi. Almubazzarancin tun a wajen auna shinkafa aka yi shi, ba a wajen zubar da wadda ta lalace ba. Mai son lada ta ba shi da zafinsa tun daren.

Batun walima kuwa, koshari ya yi miki gata, don kusan duk wahalarsa ana iya gamawa tun jajibiri ba tare da an taɓa shinkafa ba. Ki ninka awon can sau bakwai. Da yamma ki soya albasar duka, ta huce sarai, ki rufe a busasshen mazubi, man kuma ki tace ki ajiye. Ki yi miyar da dakka da shatta ki sa a firij. Ki tsince adas da shinkafa, ki karya taliya, ki jiƙa hummus. Abin da ya rage na safe shi ne hummus, wanda za ki fara ɗorawa don yakan ci awa guda ko fiye, sai adas da shinkafa da makaroni, su kuma ba su kai awa ɗaya da rabi ba in kina da murhu biyu da mai taya ki. Ki raba shinkafar tukunya biyu, ta fi dahuwa daidai, kuma ki ja lokaci yadda za ki sauke ana saura kamar awa guda a fara ci. Tukunya ta biyu ta zauna a kan garwashi mai laushi har a bukace ta, kada ta shiga kula tun hantsi ana jiran baƙin la'asar. Abin da ya rage a rabar nan take kafin taro ya watse.

Surukarki kuma ki bi ta a hankali, kada ki ce mata ta yi kuskure. Ki zuba mata nata da zafinsa, albasa da yawa, dakka kaɗan tunda ba ta saba da tsami ba, shatta kuma a ƙaramin kwano a gefe.