Amsoshin Kawu: Babur ɗin tsalle, filin tsere da hular kwanon jabu

Tun da yara suka fara kallon masu tashi sama da babur a waya, wasiƙun motokuros ba su daina zuwa ba. Ga wanda bai san shi ba, tseren babura ne a filin ƙasa mai tudu da gangare da kwana, ba a kan kwalta ba. A Ingila aka fara shi, a Camberley, shekarar 1924. Ga abin da na tsamo a wannan makon.

Tambaya: Kawu, muna zaune a jihar Ohayo ta Amurka. Ɗana mai shekara 9 ya hana mu sakat, sai an saka shi tseren da abokinsa yake zuwa. Babansa ya ce a saya masa babur a huta. Ni kuwa gabana faɗuwa yake yi, ga tsoron karaya, ga shi ban san abin da zai ci mana ba.

Amsa: Hajiya, faɗuwar gaban nan taki ba laifi ba ce, kuma ke ce kika yi tambayar da ta dace. Ki gaya wa Alhaji cewa wannan babur doki ne. Kowa ya san sayen doki ba shi ne wahala ba, harawa da dusa da ɗan kiwo su ne ke karya mutum.

Mu fara da dokin. Ɗan ƙaramin Yamaha PW50 da ake koya wa ƙanana, sabonsa bai kai dala 2,000 ba, amma ɗanki ya girme shi. Rukunin shekarunsa na masu inji mai girman 65cc ne, kuma sabon KTM 65 SX ya haura dala 5,000. Bayan shekara biyu ko uku ƙafarsa za ta yi tsawo, a koma 85cc, a sake sabon lale. Sannan kayan jiki: hular kwano, gilashin ido, takalmi mai tsawo har ƙauri, kariyar ƙirji da gwiwa, safar hannu. Su ma yaro yana girme su kamar yadda yake girme kayan sallah. Akwai katin shekara na AMA, ƙungiyar masu babura ta Amurka, wanda galibin manyan tseren masu koyo a can suke nema. Akwai kuɗin shiga kowane rukuni, da kuɗin ƙofa da ake karɓa a kan kowane kai, har ke da ƙannensa masu zuwa kallo. Ranar gwaji ma biya ake yi. Ki ɗora man mota, da motar da za ta ɗauki babur, da kwana a hanya.

Inda iyalai ke zurmawa shi ne neman zuwa gasar ƙasa ta masu koyo, wadda ake yi tun 1982 a gonar mawaƙiya Loretta Lynn da ke Hurricane Mills, jihar Tenesi. Sai yaro ya tsallake zagayen yanki, ya tsallake na shiyya, kafin ya samu gurbi cikin 42 da ake ɗauka a kowane rukuni, kuma mako guda cur ake yi a wurin. Mai bin wannan hanya yakan ajiye babur biyu, na gwaji da na tsere. Kada wani uban yara a bakin fili ya hure wa Alhaji kunne da wannan a shekarar farko.

Shawarata, ku sayi na hannu. Idan yaron bai taɓa riƙe kulochi ba, ku fara da mai sauƙin kai irin Honda CRF110F, ya yi wata da watanni yana koyon birki da kwana kafin a yi zancen tsere. Ku tsaya a filin da ya fi kusa da gida har kaka guda. Kafin komai ki buga wa masu inshorar lafiyarku waya, ki ji daga bakinsu yadda za a yi idan ya ji rauni a gasa, domin kin fi ni sanin kuɗin asibitin Amurka. Zancen karaya kuwa ba zan yi miki ƙarya ba, ana karyewa, musamman ƙashin wuya da tsintsiyar hannu. Abu na ƙarshe, tseren a ƙarshen mako ake yi, ranakun Islamiyya. Ku yanke wannan hukunci ku biyu tun yanzu, kada a bari sai ranar da yaro ya riga ya saka takalmi.

Tambaya: Kawu, ina da Boxer. Idan na cire salansa na saka taya mai haƙora, zan iya tsalle da ita kamar na bidiyo?

Amsa: Za ka iya tashi. Saukar ce ban lamunce maka ba. Shokozobar babur ɗin tsere tana nutsewa kusan santimita 30 kafin ta ƙure, taka kuwa an yi ta ne don ɗaukar buhun masara da fasinja biyu. Cire salansa ƙara kawai yake ƙarawa, da tsinuwar maƙwabta. Mayar da ita, ka je ka nemi na cefane.

Tambaya: Kawu, na ga hular kwanon tsere mai sunan babban kamfani, har da tambarin DOT a ƙeya, kuɗinta bai wuce na buhun siminti biyu ba. Mai shagon ya rantse ta waje ce. In saya wa ƙanena?

Amsa: Ɗana, gyara zama, domin a nan zan daɗe.

Ta waje ce mana, ai ba a Kurmi aka saƙa ta ba. Tambayar ita ce wa ya yi ta, kuma me ke cikinta. Hular Bell ko Fox ta gaske, a ƙasar da ake sayar da ita ma, mai sauƙin kuɗinta sai an fitar da dala ɗari da wani abu. Ka buga wannan da canjin yau, ka ƙara kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago. Ta ina za ta sauko farashin siminti biyu? Mai shagon nan waliyyi ne da yake sayarwa a faɗuwa don yana ƙaunar ƙanenka?

Mu dai ba mu taɓa ɗaukar hular kwano da muhimmanci ba. Waɗanda suka yi wayo a 2009 za su tuna lokacin da jami'an kiyaye haɗurra suka fara tilasta saka ta a ranar 1 ga Janairu. 'Yan acaɓa suka fito da ƙwarya da robar fenti a ka, an ɗaure da igiya. Aka yi dariya, har jaridun waje suka ɗauka. To wallahi mai ƙwarya ya fi mai hular jabu gaskiya, domin shi ya san ƙwarya ce a kansa, ba zai yi gangancin tsalle da ita ba. Jabu kuwa ba ka ƙarfin gwiwa take yi, sannan ta yashe ka a daidai lokacin da kake buƙatarta.

Abin da mutane ba su gane ba, ɓawon waje mai sheƙi ba shi ne ke ceton kai ba. Aikin yana hannun farin soson nan mai tauri da ke ciki. Idan kai ya bugi ƙasa, shi ne yake murƙushewa ya shanye bugun, maimakon ƙwaƙwalwa ta shanye. Sau ɗaya yake wannan aiki. Da ya murƙushe ba ya komawa, ko da ɓawon bai nuna tsaga ba. Shi ya sa nake hana sayen hular gwanjo, ko ta wane kamfani ce. Babur na hannu, eh. Takalmi na hannu, babu laifi. Hula kuwa ba ka san ƙasar da ta riga ta sumbata ba.

Tambarin DOT ɗin da ya ruɗe ka, wato na ma'aikatar sufuri ta Amurka, ka san yadda yake? A tsarin Amurka kamfani ne da kansa yake shaida cewa hularsa ta cika ƙa'ida ya manna tambarin, hukuma ta riƙa ɗauko wasu daga kasuwa tana gwadawa daga baya. Takarda ce mai gam, duk mai injin buga sitika zai yi maka dubu kafin la'asar. Na Turai, wato ECE, sai an kai hular ɗakin gwaji kafin a ba da izini, kuma shaidar a ɗinke take a jikin maɗaurin haɓa: harafin E cikin da'ira da lambar ƙasar da ta amince, sai jerin lambobi da ke farawa da 05 ko 06, na 06 shi ne sabon ma'auni. Shi ma ana kwaikwayonsa, amma masu jabu sukan yi kasala a nan.

Ga abin da za ka yi a shagon. Ka zare matashin ciki mai laushi, ai cirewa yake yi don wanki, ka duba farin soson. Ya kamata kaurinsa ya kusa kaurin yatsu biyu, ya rufe ko'ina har goshi da ƙeya, kuma idan ka danna da babban yatsa kada ya lotsa kamar katifa. Ka ɗaga ta ka ji nauyi, ta kirki takan haura kilo ɗaya. Ka finciki maɗaurin da ƙarfi ka ga ko da ƙusa mai kauri aka kafe shi. Ka nemi takardar da ke ɗauke da watan da aka ƙera ta. Idan mai shago ya ce kada ka buɗe, ka ajiye masa kayarsa ka yi sallama.

Na taɓa sayen irin wannan da kuɗina a wani shago, don in ga ƙwal uwar daka. Na kai wa kafinta ya raba ta biyu da zarto. Soson da ke ciki irin wanda ake cusa wa kwalin talabijin ne, siriri, kuma daga saman kai kawai, gefen kunne babu komai sai yadi. Kafintan ya juya ta ya ce ko kaza ba zai kifa da ita ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne lissafinmu. Mutum zai zuba miliyoyi a babur, ya sayi riga da wando masu rubutu don hoto, ya canza sitika sau biyu, sai an zo kan abin da zai tare ƙwaƙwalwa ya fara ciniki kamar mai sayen tumatir. Ƙafa idan ta karye akwai asibitin ƙashi na Dala, akwai masu ɗori. Wa ka taɓa ji ya ɗora ƙwaƙwalwa? Idan kuɗin bai kai na hular kirki ba, to bai kai na wasan ba, ƙanenka ya jira. Kuma ka je da shi a gwada, ta kama kumatu, idan ya girgiza kai kada ta yi rawa. Kada ka sayi babba wai don ya girma a ciki, ba rigar makaranta ba ce.

Tambaya: Kawu, mu matasa ne goma sha biyu a wajen Zariya. Baban ɗayanmu ya ba mu aron fili. Mun yi karo-karo za mu ɗauko gireda kwana ɗaya ta tara mana tudu. Me ya rage?

Amsa: Samari, kun burge ni da kuka nemi fili maimakon titin unguwa ranar ɗaurin aure. Amma gireda ita ce mafi arha a cikin aikin. Abin da zai cinye ku ruwa ne.

Filin tsere a ƙasashen da suka iya, kafin kowace gasa sai tarakta ta bi shi da haro ta farfasa ƙasar, tankar ruwa ta jiƙa shi tun daren jiya, ta kuma dawo tsakanin zagaye. Jar ƙasarmu idan ta bushe siminti ce, wanda ya faɗi a kai kamar a kwalta ya faɗi. Idan kuma aka kwarara mata ruwa a sama ba a farfasa ba, sai ta zama santsi kamar sabulu. A can sukan gauraya yashi ko garin katako don ƙasa ta riƙe danshi. Ku kuna da ɓuntun shinkafa a kusa, ku gwada a lanƙwasa ɗaya ta filin ku gani kafin ku zuba ko'ina. Da hunturu kuwa, na gaba kaɗai ke ganin hanya, sauran cikin ƙura suke tuƙi da tawakkali. Ku tambayi kuɗin tanka ɗaya a garinku, ku buga sau yawan da filin zai sha, kowane mako. Ƙarshen damina ne lokacinku, ruwan Allah kyauta.

Tudun kuma ku yi masu shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur, wanda idan mutum bai kai ba zai sauka a sama lafiya. Kada ku yi tudu biyu da rami a tsakani. Ku tsince duwatsu da kututture. Kowa ya bi hanya ɗaya, babu mai juyowa. A kowane tudun da ba a hango bayansa, a tsayar da mutum da tuta mai ruwan ɗorawa, domin mafi munin haɗari shi ne wani ya faɗi na baya ya diro a kansa. A ja igiya nesa da hanya, ku kun san yaran ƙauye, da sun ji ƙara za su cika wurin, ga awaki. Mota ta tsaya da mai a ciki da direba, da wanda ya san taimakon farko, kuma ku san asibitin da za ku nufa tun kafin a tayar da inji.

Sannan ku je wurin mai unguwa da dagaci da ofishin 'yan sanda, ku samu amincewa a rubuce. Tun da Kano ta hana acaɓa a 2013, jihohi da dama sun sha taƙaita hawan babur saboda tsaro. Matasa goma sha biyu a kan babura a bayan gari, fuska a rufe, ba kowa ne zai tsaya tambayar ko wasa kuke yi ba.

Tambaya: Mai hayaƙi ko marar hayaƙi, wanne zan saya na hannu?

Amsa: Mai hayaƙi, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, irin Yamaha YZ125. Injinsa ba shi da tarkace, makanike mai hankali zai canza fistan da ringi a yini ɗaya. Marar hayaƙi irin YZ250F ya fi daɗin tuƙi, sabonsa ya haura dala 8,000, kuma idan tsohonsa ya fashe kuɗin gyaran kan tasar wa kuɗin sayensa, ga jiran kaya daga waje. Kowanne ka ɗauka, ka buɗe wurin soson iska kafin ka biya. Idan ka ga ƙura ta wuce bayansa, injin ya riga ya sha yashi.

Tambaya: Kawu, matata za ta kwashi adashi wata mai zuwa. Ina so in karɓa in sayi babur ɗin tsere, in biya ta da kyautar da zan riƙa ciyowa.

Amsa: Kyautar masu koyo kofin roba ce. Ka bar wa baiwar Allah kuɗinta.