Tambayoyin Masu Karatu: Wasan ɓoye akwati da hatimi, zai yiwu a Damagaram?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Niyok ya turo mini hoton wani ɗan littafi cike da hatimai. Ya ce ɗaya daga ciki ya samo shi ne a akwatin da aka ɓoye kusa da wani lambun shan iska, inda ake hango tsohon dogon bene mai kama da dutsen guga. Wane irin wasa ne wannan? Ni malamin lakwal ne, zan iya yin sa da ɗalibaina? Daga mai karatu, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, Mushe. Ga dukkan alamu benen nan Flatiron ne, kuma ma'anar sunan ke nan, dutsen guga. An gama shi a 1902, kusurwa uku gare shi, tsawonsa wajen mita 87. Lambun da ke gabansa shi ne Madison Square.

Wasan kuwa, letaboksin, ya girmi benen. A 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, can cikin dajin Dartmoor na Ingila, don duk wanda ya sha wahala ya kai wurin ya bar katinsa. Daga baya sai matafiya suka riƙa barin wasiƙa, mai zuwa bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. Bai yaɗu a Amurka ba sai da mujallar Smithsonian ta yi rubutu a kansa a 1998.

A cikin akwatin akwai ɗan littafi da hatimi. Kai ma kana tafe da naka littafin da naka hatimin da tawada. Ka buga nasu a naka, ka buga naka a nasu, ka mayar da komai yadda ka same shi. Ba a ɗaukar kome.

Zai yiwu a nan ƙwarai, na ma taɓa yi da yarana. Gom na goge fensir muka saya, na zana dagi a kai, na fafe gefensa da reza. In za ka sa haruffa, juya su za ka yi kamar a madubi, in ba haka ba a birkice za su fito. Kada ka yi amfani da gwangwani: namu damina ɗaya ya yi tsatsa, littafin ya jiƙe. Robar da murfinta ke murɗawa ta fi, a sa littafin cikin leda. Duwatsun garinmu kuwa kamar don wannan aka yi su, sai dai a koya wa yara su fara zungura sanda, kunama ma tana son inuwar.

Amma ga inda nake so ka tsaya, Mushe. Ranar da na durƙusa ina cusa robar nan ƙarƙashin dutse, na ɗago sai na ga wata dattijuwa da tallan ƙuli a ka, ta tsaya cik tana kallona, bakinta na motsi da addu'a. Sammu ta ɗauka nake binnewa, kuma ban ga laifinta ba. Sai da na buɗe na nuna mata littafin da hatimin sannan ta ce, "To ɗana, ai da ka faɗa." Ga kuma halin tsaro da ake ciki. Saboda haka ka fara zuwa wurin mai unguwa da masu gidajen kusa, roba ta zama mai nuna abin da ke ciki, a rubuta a jikinta cewa wasan 'yan lakwal ne. A nisanci masallaci, maƙabarta da wuraren jami'an tsaro.

Daɗin abin yana cikin kacici-kacicin da ke kai mutum wurin, nan ne kuma aikinka na malami. Misali: "Ka tsaya gindin bishiyar da ke ƙofar lakwal, ka fuskanci gabas. Wace shekara aka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai? Tara lambobinta, ka yi taku daidai da su." Yaron da ya san 1926 zai yi taku 18. Wanda bai sani ba sai ya koma gida ya tambayi kakansa. Ka fara da akwati uku a cikin filin lakwal, ka riƙa duba su kowace Asabar.