Sun ce in jira "propagation": mece ce ita, kuma me ya sa sai an yi kwana biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na mayar da shafin intanet na shagona wani sabon kamfanin da zai riƙe mini shi, suka ce in jira awa 24 zuwa 48 saboda "propagation". Yanzu sabon shafin ne ke buɗewa a wayar ƙanena, a tawa kuwa tsohon ke fitowa. Mece ce wannan kalma? Ko dai an cuce ni ne? Daga mai shagon atamfa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, babu wanda ya cuce ka.

Kalmar asalinta ta manoma ce. Ta fito daga "propagare" na Latin, wato mai gonar inabi ya lanƙwaso reshe ya binne a ƙasa har ya yi saiwa ya zama sabuwar shuka, kusan yadda muke dasa karan rogo. Daga nan Turawa suka faɗaɗa ta zuwa hayayyafa da yaɗuwa: na tsiro, na cuta, na labari, har na zangon rediyo. A 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa wata majalisa a Rum don yaɗa addininsu, mai suna "de Propaganda Fide". Can ne tushen farfagandar da 'yan siyasarmu ke jifan juna da ita.

Sai dai a harkar shafuka, ni a ganina kalmar ruɗa mutane take yi, domin babu abin da ake bi gari-gari ana rabawa. Kowane shafi yana da lambar adireshi, kuma tsarin DNS ne ke haɗa suna da lambarsa. Idan ka rubuta sunan shafinka, na'urar kamfanin layinka takan tambayo lambar, sannan ta ajiye amsar na wani wa'adi da ake kira TTL don kada ta riƙa tambaya kowane lokaci. Ana lissafa shi da daƙiƙa: 3600 awa ɗaya ke nan, 86400 kwana guda. Da ka sauya kamfani, lambar shafinka ta canja. Layin ƙanenka ya sake tambayowa, naka kuwa yana nan riƙe da tsohuwar amsa har wa'adinta ya cika. Ga sunaye masu ƙarewa da .com, bayanin "nameserver", wato na'urar da ake tambayo lambar shafinka a wurinta, kan zauna daƙiƙa 172800. Ka raba da 3600, za ka ga inda awa 48 ɗin ta samo asali.

In ka ƙosa, kashe wifi ka gwada da data, ko akasin haka. A Android 9 zuwa sama, shiga Private DNS a saitin waya ka rubuta dns.google. A kwamfutar Windows, buɗe Command Prompt ka buga ipconfig /flushdns. Amma ka sani na'urarka kawai ka gyara, kwastomominka sai nasu layin ya saki tsohuwar lambar.

Shi ya sa kada ka yi gaggawar rufe asusunka na tsohon kamfanin. A 'yan kwanakin nan wasu saƙonnin imel da odar kaya can za su riƙa faɗawa, sai ka dinga leƙawa. Idan kwana biyu suka wuce tsohon shafin bai gushe ba, to jira ya ƙare: duba sunayen "nameserver" da aka shigar maka harafi bayan harafi, sau da yawa kuskuren rubutu ne.