Katanga ko Dashe: Wanne Za a Fara a Gyaran Lambun Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Arkilla, cikin Sakkwato. Ina da fili a bayan gida, katangar ƙasa ce ta kewaye shi, gefe ɗaya ya zube a daminar da ta wuce. Ina so in tayar da ta bulo, in shimfiɗa intalok, in sa ciyawa da itatuwa. Akwai tsohon mangwaro da ba na so in rasa. Mai sayar da dashe ya ce in dasa yanzu da sanyi, birkila kuma ya ce sai ya gama. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka bi birkila. Mai dashe bai yi ƙarya ba, lokacin sanyi dashe na kamawa in akwai ruwa, amma bai lissafa abin da zai bi ta kan shukar ba. Tifa za ta juye yashi, leburori za su yi ta kai da kawo da baro, kuma duk inda aka kwaɓa siminti ƙasar wurin ta lalace. Siminti na da farar ƙasa a cikinsa. Idan ruwansa ya shiga gindin lemu ko gwaba, sai ka ga ganye ya koma rawaya, kana ta zuba taki ba ya ji. Ga kuma awaki, tunda gefe ɗaya a buɗe yake. In ka riga ka ga irin da kake so, saye shi ka bar shi cikin ledarsa a inuwa nesa da wurin aiki, kana ba shi ruwa.

Sai dai shi ma birkila ba shi ne na farko ba. Kafin a sa diga a ƙasa, ka kira maƙwabcinka ku duba iyaka tare, domin katangar ƙasa kan yi faɗi, kuma in ta zube ana rasa ainihin layinta. In gefen yana fuskantar titi, ka tuntuɓi hukumar tsara birane ta jiha.

Bayan wannan sai maganar ruwa, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Ruwan da Sakkwato ke samu a shekara bai wuce milimita 600 zuwa 700 ba, amma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ta fi yawa, wani sa'in kamar da bakin ƙwarya. Ka je ka dubi inda katangarka ta faɗi. Sau da yawa nan ne ruwa ke kwanciya, ya ci gindin gini a hankali. In ka ɗora bulo a wurin ba ka ba ruwan hanya ba, ka mayar da filin tafki, sabuwar katangar ma za ta tsage. Saboda haka a fara daidaita ƙasa, ta gangara daga jikin gida da kamar santimita 2 a kowace mita, a san inda ruwan indararo zai bi, sannan a yi wa birkila alamar inda zai bar wuriya ta fita zuwa kwata. Ƙasar tsohuwar katanga ba abin zubarwa ba ce, da ita za ka cike kwarin. A nan ne kuma za a tone kututture da tsoffin itace da ke binne, don su ne abincin gara.

Mangwaron nan ya fi duk abin da za ka saya daraja, shekaru ne a tsaye. Saiwoyin da yake ci da su ba su da zurfi sosai, kuma sun bazu har iyakar inuwarsa, har su wuce. Ka kewaye shi da zana kafin ma'aikata su zo, domin inuwarsa ce za su fara zaɓa su jibge yashi su kwaɓa siminti. In tushen katanga zai bi ta ƙarƙashinsa, a haƙa da hannu a hankali, saiwa mai kaurin damtse kada a sare ta, a tsallake ta da kankare mai rodi. Kada kuma a tara masa ƙasa a wuya wajen ciko.

Ginin kansa, yanzu ne lokacinsa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: babu ruwan da zai cika ramin tushe, babu zafin bazara. Amma iskar hunturu na busar da siminti kafin ya yi ƙarfi, don haka a riƙa ba gini ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7. A sa ginshiƙi mai rodi kusan kowace ƙafa 10. Ka gaya wa birkila ya bar gurbi ɗaya mai faɗin da mota za ta shiga, kada ya rufe sai an gama shigo da tsakuwa, bulon intalok, ƙasar shuka da taki. Wanda ya manta da wannan, da baro zai yi ta jigila ta cikin zaure. A yi shafe da fenti ma tun babu ganye ko ɗaya a gindin katanga.

Katanga na tsayawa, mai famfo da mai wuta su shigo su binne bututu da waya, sannan a shimfiɗa intalok. A bar bututu mai inci 4, babu komai a ciki, a ƙarƙashin hanyar, don ranar da za ka so ƙetarar da ruwa zuwa ɗaya gefen. Shawarata kada ka rufe filin gaba ɗaya da intalok. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, intalok da katangar bulo suna shan rana su yi ta huci har bayan isha'i. Hanya da wurin zama sun isa. Ciyawa ma ka taƙaita ta, sai in kana da rijiyar burtsatse, domin a rani kullum sai ta sha.

Idan masu gini sun kwashe kayansu, a kankare duk ƙasar da siminti ya taɓa a fitar da ita. A haƙa ramuka ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da takin gida wanda ya ruɓe sarai, ɗanye na ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Wannan aikin bazara ne. Dashen kansa ka jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Shukar za ta sami damina, ta bi da sanyi, kafin ta haɗu da bazararta ta farko tana da saiwa. Lemu da gwaba su nisanci katanga da mita 2 zuwa 3, sabon mangwaro mita 5 zuwa 6. Dogonyaro kuwa, duk da inuwarsa, a waje ya fi dacewa, nesa da tushe da ramin masai. Itatuwa za a fara dasawa, sai furanni, ciyawa ita ce ƙarshe, ana shimfiɗa ta daga ƙuryar fili ana ja da baya zuwa ƙofa don kada a taka ta. Allah ya sa albarka.